Shafi ga Kowane Ɗan Wasa: Yadda Wani Gidan Watsa Labarai Ya Tsara Iliminsa da Haɗaɗɗun Bayanai, 2007 zuwa 2014

Yadda lamarin yake kafin 2007

Wurin da wannan nazari ya shafa wani babban gidan rediyo da talabijin ne a ƙasar Biritaniya, wanda ya fara wallafa labarai a intanet tun ƙarshen shekarun 1990. Tashoshinsa suna watsa shirye-shirye tsakanin 1,000 da 1,500 a kowace rana, ban da labarai da rahotannin wasanni da ake rubutawa domin intanet kaɗai. Abin wallafawa ya yi yawa ƙwarai, amma hanyar tsara shi irin ta jaridar takarda ce: edita ne ke zaɓar abin da zai hau kowane shafi, ya jera shi da hannunsa, ya kuma dawo ya sauke shi idan ya tsufa.

Kowane sashe na gidan yana gina nasa ƙaramin dandali a intanet, da ma'aikatansa da tsarinsa da sunayen da yake kiran abubuwa da su. Sashen kiɗa yana da shafi a kan wani mawaƙi, sashen labarai yana da rahotanni a kansa, wata tashar rediyo kuma ta yi hira da shi, amma babu abin da ya haɗa waɗannan uku, domin a idon kwamfuta sunan mawaƙin jerin haruffa ne kawai da ya bayyana a wurare dabam-dabam. Mai karatu da ya shigo ta ƙofa ɗaya ba ya sanin cewa akwai sauran. Da yake gina dandali da hannu yana cin kuɗi da lokaci, shirye-shirye ƙalilan ne suka samu nasu, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka gina an bar su ba mai kula da su da zarar shirin ya ƙare.

A sashen labarai da na wasanni kuwa, manhajar da 'yan jarida ke rubutu a cikinta tana fitar da kowane labari a matsayin fayil tsayayye, a aika shi zuwa manyan kwamfutocin da ke ɗauke da dandalin. Wannan tsari yana da ƙarfi wajen ɗaukar cunkoson masu karatu, tunda fayil ɗin a shirye yake kafin a neme shi. Inda ya gaza shi ne wajen shafukan jagora, wato shafukan da ke tattara labaran ƙungiya guda ko gasa guda a wuri ɗaya. Kowane irin wannan shafi yana buƙatar mutum ya tsaya a kansa, saboda haka yawan shafukan jagora da gidan zai iya buɗewa ya dogara ne kacokan a kan yawan editocin da yake da su.

Kayan aikin da aka riga aka tanada a waje, 1999 zuwa 2008

A daidai wannan lokaci, ƙungiyar W3C, wadda Tim Berners-Lee ya kafa domin tsara ƙa'idojin yanar gizo, tana fitar da wasu ƙa'idoji da za su sa kwamfuta ta riƙa gane abubuwan da rubutu ke magana a kansu. Na farko shi ne RDF, wanda aka amince da shi a 1999 aka kuma sabunta shi a 2004. Ƙa'idarsa ita ce a rubuta kowane bayani a matsayin jimla mai gaɓa uku: abin da ake magana a kansa, dangantakar, da abin da aka danganta shi da shi. "Landan" gaɓa ce, "babban birnin" gaɓa ce, "Biritaniya" gaɓa ce. Idan jimloli irin wannan suka taru, gaɓar ƙarshe ta wata jimla takan zama gaɓar farko ta wata, sai bayanan su sarƙe da juna. A 2004 aka fitar da OWL, wanda ake tsara ontoloji da shi, wato taswirar da ke fayyace nau'o'in abubuwan da ke cikin wani fanni da dangantakar da ta halatta a tsakaninsu. A watan Janairun 2008 kuma aka kammala SPARQL, harshen da ake yi wa rumbun irin waɗannan jimloli tambaya da shi.

A 2006 Berners-Lee ya rubuta gajeren bayani mai sharuɗɗa huɗu, wanda shi ne ya zama tushen abin da ake kira haɗaɗɗun bayanai. A ba kowane abu adireshi na dindindin a matsayin sunansa. Adireshin ya zama irin wanda za a iya buɗewa a intanet. Wanda ya buɗe shi ya tarar da bayani mai amfani cikin ƙa'idar da kwamfuta ke karantawa. Bayanin kuma ya ƙunshi adireshin wasu abubuwan, domin a ci gaba da bi. Shekara guda bayan haka, a 2007, masu bincike a jami'o'in Leipzig da Berlin a Jamus suka fitar da DBpedia, wadda ta kwashe bayanan da ke cikin akwatunan taƙaitawa na Wikipedia ta mayar da su jimlolin RDF, kowane maudu'i da adireshinsa. Da wannan aka samu jerin sunayen mutane da wurare da abubuwa wanda kowa zai iya jingina da shi kyauta.

Gwajin farko, 2007 zuwa 2009

Gidan ya fara ne da shirye-shiryensa. A 2007 aka buɗe wani dandali da ya ba kowane shiri, da kowane zango nasa, da kowane kashi a cikin zangon, lamba ta musamman da adireshi wanda ba ya canzawa. Ba edita ke gina shafukan ba. Daga jadawalin watsa shirye-shirye suke fitowa kai tsaye. A karon farko, shirin da aka watsa sau ɗaya da tsakar dare ya samu shafi kamar yadda fitaccen shirin yamma ya samu.

Sashen kiɗa ya ɗauki wata hanya da ta fi wannan kasada. Maimakon ya ƙirƙiri nasa jerin mawaƙa, sai ya ari lambobin MusicBrainz, wani rumbun bayanan kiɗa da masu sa kai ke cikewa, ya gina adireshin shafin kowane mawaƙi a kan lambarsa ta can, tarihin rayuwar mawaƙin kuma ya riƙa jawo shi daga Wikipedia. Idan ma'aikacin gidan ya ga kuskure, sai ya je can asalin ya gyara, gyaran ya dawo shafin gidan da kansa, kowa ma a duniya ya amfana. Da yake an san waƙoƙin da kowane shirin rediyo ya sa, shafin mawaƙi ya iya nuna shirye-shiryen da suka fi sa waƙoƙinsa, abin da a da ba ya yiwuwa sai an bi da hannu. A 2009 aka yi irin wannan aiki a kan namun daji, inda kowace dabba da kowane irin muhalli da kowace ɗabi'a ta halitta suka samu shafi, aka haɗa hotunan bidiyon gidan da bayanai daga Wikipedia, da jerin halittun da ke fuskantar ɓacewa na ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, da wani rumbu na Jami'ar Michigan. A wannan shekarar kuma aka yi aikin daidaita tsohon jerin kalmomin da gidan ke rarraba shirye-shirye da su da adireshin DBpedia.

Duk waɗannan gwaje-gwaje an yi su ne a fannonin da bayani ba ya saurin canzawa. Ɗakin labarai, inda ake wallafa rahoto cikin mintoci a kuma gyara shi sau da yawa a yini guda, ya ci gaba da aiki da tsohon tsari.

Farkon 2010: hanyoyi biyu da ba su ɓulle ba

Gasar cin kofin duniya ta ƙwallon ƙafa a Afirka ta Kudu ita ce ta tilasta sauyin. Sashen wasanni yana son kowane ɗan wasa ya samu shafinsa. Ƙasashe 32 ne, kowace da 'yan wasa 23, wato mutum 736. Idan aka ƙara shafukan ƙasashen 32 da na rukunoni 8, shafukan jagora sun kai 776. Shugabannin aikin sun bayyana daga baya cewa wannan adadi ya zarce dukkan shafukan jagora da sauran dandalin wasanni ke da su a haɗe. Hanya ta farko, wato a ɗora wa editoci, ba ta ma kai ga gwaji ba, domin babu ma'aikatan da za su tsaya a kan shafuka sama da ɗari bakwai tsawon wata guda ana buga wasa 64.

Hanya ta biyu ita ce a bar injin bincike ya cike shafukan, ya nemo duk labarin da sunan ɗan wasa ya fito a ciki ya jera. An riga an gwada irin wannan a gidan a baya, an ga ba ya fitar da sakamako daidai, kuma jerin 'yan wasan gasar kansa ya isa ya nuna dalili. Ingila ta je da Ashley Cole da Joe Cole. Kot Dibuwa ta je da Yaya Touré da Kolo Touré. Ghana ta je da John Mensah da Jonathan Mensah, da André Ayew da ɗan'uwansa Rahim Ayew, da Asamoah Gyan da Kwadwo Asamoah, inda sunan farko na wani shi ne sunan ƙarshe na wani. Masu suna Boateng kuwa uku ne a gasar: Kevin-Prince da Derek a tawagar Ghana, da Jérôme, ƙanen Kevin-Prince, a tawagar Jamus, kuma ƙasashen biyu suna rukuni ɗaya, sun ma kara ranar 23 ga Yuni. Ɗan jarida yakan ambaci cikakken suna sau ɗaya ne a farkon labari, daga nan ya ci gaba da sunan ƙarshe, kanun labari kuma kusan kullum sunan ƙarshe kaɗai yake ɗauka. Injin da ke neman haruffa ba shi da hanyar sanin wane Boateng ake nufi.

Akwai kuma matsala ta biyu da ta fi ta suna zurfi. Labarin raunin da wani ɗan wasa ya ji ya kamata ya bayyana a shafin ƙasarsa da na rukunin da ƙasar take, ko da marubucin bai ambaci rukunin ba ko sau ɗaya. Binciken kalma ba ya iya gano abin da ba a rubuta ba. Haka nan ba ya bambance labarin da aka rubuta a kan mutum da labarin da aka ambace shi a gefe cikin jimla guda.

11 ga Yuni zuwa 11 ga Yuli, 2010: tsarin da aka yi gasar da shi

Abin da aka gina yana da sassa huɗu. Na farko shi ne ontoloji na gasar, wanda ya ce akwai ɗan wasa, akwai tawaga, akwai rukuni, akwai wasa, akwai gasa, ya kuma fayyace cewa ɗan wasa yana cikin tawaga, tawaga tana cikin rukuni, rukuni yana cikin gasa. Na biyu shi ne jerin abubuwan kansu, kowane ɗan wasa da kowace tawaga da adireshinsa na dindindin, an kuma danganta su da takwarorinsu a rumbunan waje irin su DBpedia. An zuba wannan duka cikin rumbun jimloli mai suna BigOWLIM, na kamfanin Ontotext da ke ƙasar Bulgeriya.

Sashe na uku shi ne wurin da ɗan jarida ya shigo. Idan ya gama rubuta labari, wata manhaja mai nazarin rubutu takan karanta shi ta kawo shawarar alamomin da suka dace, amma ba ta liƙa su da kanta. Ɗan jaridar ne ke dubawa, ya amince da wanda ya dace, ya watsar da wanda bai dace ba, ya ƙara wanda aka manta. Abin da yake zaɓa kuma mutum ne takamaimai daga cikin jerin, da lambarsa, don haka idan ya zaɓi Jérôme Boateng, babu yadda labarin zai faɗa shafin Derek. Alamar tana iya nuna cewa labarin a kan mutumin yake, ko kuwa ambatonsa kawai aka yi.

Sashe na huɗu shi ne ciro hukunci, kuma a nan aka rage aikin. Rumbun yana bin ƙa'idojin ontoloji ya ƙirƙiri sababbin jimloli daga waɗanda aka ba shi, kamar yadda idan aka ce wane ɗan wane ne, shi kuma ɗan wane, kowa ya san akwai jika da kaka ba sai an faɗa ba. Misalin da injiniyan da ya tsara aikin ya bayar a watan Yulin 2010 shi ne na Frank Lampard: ɗan jarida ya liƙa wannan alama guda, rumbun ya ƙara tawagar Ingila, da rukunin C, da gasar kanta. Ana iya ganin yadda abin ke tafiya da wasan Najeriya da Girka na ranar 17 ga Yuni a Bloemfontein, inda Kalu Uche ya fara ci, aka ba Sani Kaita jan kati kafin hutun rabin lokaci, Girka ta dawo ta yi nasara da ci 2 da 1. Rahoton da aka liƙa wa alamar Kaita ya cancanci shiga shafinsa, da shafin tawagar Najeriya, da shafin rukunin B, inda mai bin Ajantina ko Koriya ta Kudu zai gan shi, alhali marubucin alama ɗaya ya zaɓa. Rumbun yana yin wannan lissafi ne a lokacin da ake shigar da bayani, ya ajiye sakamakon, saboda kada a tsaya yin sa a lokacin da mai karatu ke jira.

Shafin jagora, a wannan tsari, tambaya ce da aka adana. Idan mai karatu ya buɗe shafin wata tawaga, manhajar da ke zana shafin takan aika wa rumbun tambayar SPARQL mai neman sababbin labaran da ke da alaƙa da tawagar, ta jera amsar. Domin kada nauyi ya danne rumbun, ana riƙe kowace amsa a ma'ajiyar wucin gadi na ɗan gajeren lokaci kafin a sake tambaya, an kuma ajiye kwafin rumbun a cibiyoyi fiye da ɗaya. A cikin watan gasar, rumbun ya riƙa amsa tambayoyi kimanin miliyan ɗaya a rana, dandalin kuma yana karɓar buƙatun shafuka miliyoyi. Su labaran kansu a tsohuwar manhajar aka ci gaba da rubuta su. Abin da rumbun ya riƙe shi ne bayani a kansu, kamar kanu da taƙaitawa da adireshi da alamomi.

2011 zuwa Agustan 2012: faɗaɗawa, da inda rumbun ya tsaya

Bayan gasar aka yanke shawarar mayar da dukkan dandalin wasanni kan wannan tsari, aka kuma buɗe sabon fasalinsa a watan Fabrairun 2012. An faɗaɗa ontoloji ya ɗauki wasanni gaba ɗaya, da gasa mai zango-zango da kakar wasa da filaye. Amfanin wannan ya fito a ƙwallon ƙafa ta cikin gida, inda ƙungiyoyi uku ke faɗuwa daga gasar Firimiya kowace kaka, uku su hau. A da, irin wannan sauyi yana nufin bin shafuka da mahaɗai ɗaya bayan ɗaya. Yanzu jimlar da ta ce ƙungiya kaza tana buga gasa kaza ita ake sauyawa, labaran ƙungiyar su koma inda ya dace.

A wannan mataki aka bar wani nau'in bayani a wajen rumbun jimloli. Alƙaluman wasanni, wato sakamako da tebur da jadawali da ci na kai tsaye, suna zuwa ne daga kamfanonin waje, suna kuma canzawa cikin daƙiƙoƙi a ranar wasa. Rumbun da ke ciro hukunci a duk lokacin da aka rubuta masa sabon abu bai dace da bayanin da ake sharewa ana sake rubutawa ba ƙaƙƙautawa ba. Saboda haka aka kawo rumbu na biyu, na kamfanin MarkLogic, wanda ke riƙe takardu a tsarin XML, wani tsarin rubuta bayanai da kwamfuta ke karantawa, aka zuba alƙaluman a ciki. Rumbun jimloli ya riƙe abin da ya fi ƙwarewa a kai, wato wane ne wane da yadda suke da alaƙa, har da daidaita lambar da kamfanin alƙaluma ke kiran ƙungiya da ita da lambar da gidan ke kiranta da ita. Shafi guda yakan yi wa rumbunan biyu tambaya ya haɗa amsoshin.

Gasar Olamfik ta Landan, daga 27 ga Yuli zuwa 12 ga Agusta, 2012, ita ce babbar jarrabawa. 'Yan wasa sun haura 10,000, tawagogin ƙasashe 204, wasanni 26, gasannin lambar yabo 302, kuma kowane ɗan wasa da kowace ƙasa da kowane fanni ya samu shafi. Gidan ya watsa har tashoshi 24 kai tsaye a intanet a lokaci guda, bayanan 'yan wasa kuma suna haɗe da bidiyon. Darajar buɗe shafi ga kowa ta bayyana ne a kan waɗanda ba a yi tsammani ba. Hamadou Djibo Issaka na Jamhuriyar Nijar, wanda ya shiga tseren kwale-kwale na mutum ɗaya bayan 'yan watanni kacal da fara koyo, ya zo na ƙarshe da tazara mai yawa, amma 'yan kallo a Eton Dorney, tafkin da aka yi tseren, suka yi ta yi masa tafi har ya zama abin labari a jaridun duniya. Babu editan da zai ware lokaci tun kafin gasa ya gina wa irinsa shafi. A ƙarƙashin sabon tsari kuwa, kasancewarsa cikin jerin 'yan wasa ta wadatar, duk rahoton da aka liƙa wa alamarsa yana da wurin zuwa.

2013 zuwa 2014: fita daga filin wasa

Mataki na gaba shi ne a mayar da abin da aka gina wa wasanni ya zama dandamali guda da dukkan sassan gidan za su yi amfani da shi. A nan aka sauƙaƙa tsarin. An tsara ontoloji ɗaya mai bayyana kowane irin aiki da gidan ya wallafa, labari ne ko bidiyo ko shiri, da abubuwan da aikin yake a kansu da waɗanda ya ambata. An kuma tsara wani da ke riƙe asalin kowane rukunin jimloli, wato wanda ya shigar da shi da wanda ke da ikon gyara shi, domin da zarar sassa da yawa suka fara rubutu a rumbu ɗaya, tambayar wa ke da alhakin wane bayani ta zama ta yau da kullum.

Labarai sun zo da wahalar da wasanni ba su da ita. Kafin a busa usur ɗin farko an san dukkan 'yan wasan gasa, amma babu wanda ya san wanda zai shiga labarai gobe. Bugu da ƙari, abin da ke haɗa rahotannin siyasa ko na shari'a sau da yawa al'amari ne mai gudana, wanda farkonsa da ƙarshensa da ma sunansa duk hukuncin edita ne. A 2013 gidan ya haɗa kai da wasu kafofin labarai na Biritaniya aka tsara wani ontoloji na musamman domin bayyana zaren labari da matakansa. Inda tsarin ya zauna cikin sauƙi shi ne inda labarai suka yi kama da wasanni, kamar zaɓen ƙananan hukumomi na watan Mayun 2014, da yake majalisun da jam'iyyun sanannu ne tun kafin ranar. A 2014 kuma gidan ya buɗe wa jama'a jerin abubuwan da yake liƙa wa ayyukansa, kowanne da adireshinsa. Dandalin namun daji na 2009 kuwa, daga baya an daina sabunta shi, an mayar da shi cikin kundin ajiya.

Hukunci: me ya yi aiki, kuma don me

Idan aka auna da abin da aka sa a gaba a farkon 2010, kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Gidan da yawan shafukansa na jagora ke daure da yawan editocinsa ya buɗe 776 a 2010, ya buɗe sama da 10,000 bayan shekara biyu. A ganina, kaso mafi girma na wannan nasara ya fito ne daga abu mafi sauƙi a cikin tsarin, wato bai wa kowane mutum da kowace ƙungiya lamba guda da ba ta canzawa, da tilasta wa kowa ya zaɓa daga jeri ɗaya. Wannan kaɗai ya warware matsalar Boateng uku, kuma ana iya yin sa ko da ba da RDF ba. Abin da RDF ya ƙara shi ne sauƙin faɗaɗa taswirar ba tare da rushe rumbu ba, da sauƙin jingina da bayanan waje, kuma waɗannan biyun ne suka sa aka iya tashi daga gasa guda zuwa dukkan wasanni cikin ƙasa da shekara biyu.

Shawarar barin ɗan jarida ya tabbatar da alama ita ce ta biyu a muhimmanci, kuma tana da alaƙa kai tsaye da ciro hukunci. Rumbun da ke ninka alama ɗaya zuwa shafuka huɗu haka zai ninka kuskure ɗaya zuwa shafuka huɗu. Da an bar manhajar nazarin rubutu ta riƙa liƙawa da kanta, da an dawo kan matsalar injin bincike, sai dai a wannan karo kuskuren zai bazu fiye da da. Daƙiƙoƙin da marubuci ke ɓatawa yana duba shawarwari su ne farashin amincewa da shafukan da babu mai duba su.

Ciro hukunci kansa ya yi tasiri ne gwargwadon yadda fannin yake a rufe kuma a jere. Ɗan wasa yana cikin tawaga ɗaya, tawaga tana cikin rukuni ɗaya, babu mai jayayya. A labaran siyasa ba haka abin yake ba: rahoton da ya shafi wani minista ba lallai ne ya shafi jam'iyyarsa ba, balle mazaɓarsa, kuma ƙa'idar da za ta ce ya shafa za ta cika shafuka da abin da bai dace ba. Sauƙaƙa dandamalin a 2013 da kuma fitar da alƙaluma zuwa wani rumbu a 2012 duk suna nuna gidan ya gane iyakar fasahar ya tsaya a kanta, kuma na ɗauki wannan a matsayin wani ɓangare na nasarar.

Akwai abin da rahotannin yabo kan wannan aiki kan tsallake. Aikin hannu bai ɓace ba, wuri ya sauya. Jerin 'yan wasa 736 sai da wani ya shigar da shi ya tantance, sai kuma an bi shi da gyara idan rauni ya sa aka musanya ɗan wasa ana gab da fara gasa. Bayanin da aka aro daga Wikipedia ko MusicBrainz yana zuwa da kurakuransa, gidan kuma ba shi da ikon hana wani ya sauya shi cikin dare. Shi ya sa, duk da an fara da aron lambobin waje a sashen kiɗa, a wasanni da labarai gidan ya riƙe nasa jerin da nasa lambobin, ya danganta su da na waje ba tare da ya dogara a kansu ba. Wannan jeri yana buƙatar ma'aikata na dindindin masu haɗe alamomin da aka maimaita, masu raba mutum biyu da aka cakuɗa, masu yanke hukunci kan ko sabon al'amari ya isa a buɗe masa lamba, kuma kasafin kuɗinsu yana dawowa kowace shekara ko da gasa ko babu.